Shafin da Rachidou Bai Karanta Ba

Kafin ku fara yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai aya. Na san akwai masu cewa Raliatou ta cika riƙo, akwai masu cewa da ni ce da na bar wa Allah. To, ni ban iya ba. Yau zan faɗa muku abin da na yi wa Rachidou yadda ya faru, ba zan wanke kaina ba, shi ma ba zan rufa masa asiri ba.

Ga waɗanda yau suka fara bina: shekaruna ashirin da uku, iyayena 'yan Damagaram ne, amma a La Courneuve, gefen Paris, na girma, hawa na tara a wani dogon bene da liftarsa ke aiki ranar da ta ga dama. Ina karatun injiniyan gini a Villeurbanne, nan gefen Lyon. Shekara uku ke nan ni ce mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon 'yan mata ta makarantarmu. Da kallabina nake shiga fili, wani baƙi mai laushi wanda ƙanwar mahaifiyata, Tanti Rékia, ta ɗinka mini da maɓalli a ƙarƙashin haɓa don kada ya zame in na yi tsalle. A gasar ɗalibai da muke bugawa duk Alhamis da rana, ba alƙalin wasan da ya taɓa ce mini uffan a kansa.

Rachidou kuwa shi ne kocinmu, kuma shi ne mai nemana da aure. Ɗan Maraɗi ne, ya gama makarantarmu shekara biyu kafin in shiga, yana aiki a wani ofis cikin Lyon, yana koyar da mu ƙwallo don sha'awa. Dogo, mai sanyin murya, irin samarin nan da suke durƙusawa har ƙasa su gaida manya ko da a kan dandamalin jirgi ne. Ranar da ya fara zuwa gidanmu da dabino da turaren wuta, Maman ta kasa rufe baki. Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya game da ni, shi ne ƙwallo.

“Ɗiya mace tana birgima cikin taɓo kamar an yi mata baki,” haka take cewa duk lokacin da na dawo hutu da gwiwa a kurje. “Mi za ni ce ma dangin mijinki? Amarya ta tahi kama balo?”

Ni kuwa sai in yi dariya, domin ina ganin na yi dace. Ai mijin da kansa shi ke busa mini usur.

Matsalar ta faro ne daga nasara. Shekara biyu a jere muna cinye gasar ɗalibai, sai aka aiko mana da takarda cewa wuri ya samu a Régionale, wato babbar gasar kulob-kulob ta yankinmu, idan muna so mu hau. Mu goma sha tara ne kacal, ba za mu iya riƙe gasa biyu ba, in mun hau mun bar ta ɗalibai ke nan. A can sama kuma akwai dokar da kowace 'yar Musulmi mai buga ƙwallo a ƙasar nan ta sani: ba a shiga wasa da kallabi. Aka sa ranar taro, Alhamis mai zuwa, kowa ta ɗaga hannu, a hau ko a zauna.

'Yan matan suka shiga tsaka mai wuya. Sofia, kyaftin ɗinmu, ta fi kowa son hawan, tun tana ƙarama take mafarkinsa, amma in mun haɗa ido sai ta sunkuyar da kai. Rachidou ne ya kwantar mini da hankali. Har yanzu saƙonsa yana cikin wayata:

“Rali, kar ki damu. Za ni rubuta musu wasiƙa in nema miki dérogation, su ɗaga miki ƙahwa ke ɗaya. Ba ni hawa ko'ina in babu ke cikin raga.”

Na karanta shi ya fi sau goma a cikin tram, jirgin nan na cikin gari, ina murmushi ni kaɗai kamar wata sokuwa. Har fura na dama masa ranar, na kai masa fili a gora.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris, saboda sunan jaririyar wata 'yar'uwarmu. Ban wuce gida ba, sai na fara biyawa shagon Tanti Rékia a unguwar Goutte d'Or don in karɓi ɗinkina. Shagon ɗan ƙarami ne, shadda da atamfa jere har rufi, ƙamshin humra ya kama kowane yadi. Na same ta a ɗakin baya ta miƙe ƙafa a kan darduma, an sa mata lalle hannu da ƙafa, an naɗe kowanne da leda an ɗaure da zare. Ko kofin ruwa ba ta iya ɗagawa.

“Yauwa Rali, Allah ya kawo ki. Yayata ta aiko mini vocal tun ɗazu a kan maganar anko, latsa mini in ji.”

Na ɗauki wayar na latsa. Muryar Maman ta fito tana bayanin kalar ɗankwali. Kun dai san halin WhatsApp, in saƙon murya ya ƙare kuma akwai wani a ƙasansa, da kansa yake zarcewa. Na biyun ba muryar Maman ba ce, turo shi ta yi daga wani wuri.

“Salamu alaikum Hajiya, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya Alhaji, ya sanyi…”

Rachidou ne. Tanti kuwa, irin matan nan ce da suke amsa gaisuwar waya kamar mai maganar yana gabansu. “Lahiya lau, lahiya lau ɗan albarka,” take ta cewa tana gyaɗa kai. Kusan minti guda yana gaisuwa tana amsawa, shi ya sa ba ta ankara ba sai da ya shiga zancen.

“Hajiya, maganar balon nan, ki aje hankalinki, na ɗauke miki ita. In munka hau Régionale ba ta da damar shiga hili da kallabi, kuma na san Raliatou, ba ta cire shi ko mi za a ba ta. Da kanta za ta aje, ba ke kinka hana ta ba, ba ni na hana ta ba. Na ce mata za ni rubuta wasiƙa, amma dai kin gane. In ta yi kukanta na kwana biyu, ni ne mai lallashi. Kahin biki an wuce wurin.”

Tanti ta zaburo tana son kashewa. Ta kai hannu, leda ta zame a kan gilashin. Ta gwada da gwiwar hannu, ta gwada da haɓa. Ni dai ina riƙe da wayar, na ɗan ja da baya taku ɗaya, har ya gama da addu'ar Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Minti biyu da daƙiƙa goma sha huɗu.

“Rali, ki ji tsoron Allah, aje wayar nan. Uwarki alheri take nuhi.”

“Na sani, Tanti.”

A gaban idonta na tura saƙon zuwa wayata, tana kallona da hannuwanta biyu a sama cikin leda. Ban yi kuka ba. Na ɗauki ɗinkina, na tambaye ta ko in miƙo mata ruwa, na ba ta a baki ta sha.

Bari in faɗa muku abin da ya fi ƙona mini rai. Maman ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba, a fuskata take faɗa, don haka ban riƙe ta da yawa ba. Amma shi, abin da na fi daraja a jikina ya ɗauka ya ɗana mini tarko da shi. Ya san ba zan cire kallabina ba, sai ya lissafa da hakan, yadda ake lissafa nauyin da ginshiƙi zai ɗauka. Sannan ya tanadi hankicin share mini hawaye tun kafin in fara kukan.

Na ci sunan nan da leshi ruwan zuma da ɗauri mai hawa biyu, na yi hoto da kowa, na rungumi Maman. Saƙonsa ya shigo ana rabon waina: “Ya taro, gimbiyata? Wasiƙarki na kusa gamawa.” Na mayar masa: “Allah ya saka da alheri, Koc.” Har da hoton zuciya na haɗa masa.

A jirgin komawa ranar Lahadi na buɗe littafin dokokin gasar. Ni ce sakatariyar ƙungiya, ni aka turo wa shi tun farko, shafi sittin da biyu. Rachidou na san iyakarsa shafin farko, inda dokar kallabi take, don ita ya zo nema. Ni kuwa a makaranta an koya mana cewa abin da ke rushe gini yana cikin ƙananan rubutun ƙasan shafi. Na bi shi layi-layi, awa biyu, ban ɗaga kai na kalli taga ba. Muna dab da shiga Lyon na isa shafi na arba'in da bakwai.

Duk ƙungiyar da ta hau, dole kocinta ya kasance mai takardar shaidar horarwa. Wanda ba shi da ita ba zai jagoranci ƙungiya ba, ko a benci ba za a rubuta sunansa ba. Ana iya nema wa tsohon koci sassauci na shekara ɗaya, amma sai taron 'yan ƙungiya ya amince da ɗaga hannu.

Rachidou ba shi da takardar. Sau biyu Sofia tana ce masa ya je ya yi kwas ɗin, yana cewa shi ƙwallo a jininsa take. Na rufe littafin.

Litinin da rana na kira Sofia ɗakina. Ɗakin ɗalibai ne, in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango, safar hannuna na tsaron raga rataye a jikin hitar ɗumama ɗaki suna bushewa. Sofia ba ta jin Hausa, don haka sai da na riƙa tsayar da saƙon ina fassara mata jimla-jimla. Wallahi fassarar ta fi jin farko ciwo, domin da bakina nake faɗin kalmominsa. Da na gama, fuskarta ta yi ja.

“Shi ke nan,” ta ce. “Ba za mu hau ba. Mu zauna a gasar ɗalibai, ki ci gaba da tsaron ragarki, shi kuma ya ji kunya.”

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, domin nan ne laifina yake, in laifi ne. Da na ce to, da na tsira da ragata. 'Yan matan nan za su ƙi hawa saboda ni, ba ko shakka. Amma sai na hango abin da zai biyo baya. Sofia ta rasa mafarkinta, kowace Alhamis ina kallon mutum goma sha takwas da na danne. Rachidou kuma yana nan da usur ɗinsa a wuya, yana girgiza kai yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, yana neman wata dabarar. Ba zan iya korarsa ba sai na kunna wa ƙungiya duka saƙon, in tona sunan mahaifiyata a gabansu, wannan kuwa ba zan yi ba. Na auna ragata a hannu ɗaya, na auna faɗuwarsa a ɗaya hannun. Ba zan yi muku ƙarya ba, faɗuwarsa ta fi nauyi.

“Za mu hau,” na ce mata. “Littafin da ya kore ni da shi, shi nake so ya kore shi.”

“Rali, ke fa za ki rasa.”

“Na sani. Ki nemo mana Madam Sandrine.”

Madam Sandrine malamar wasanni ce a makarantarmu, tsohuwar 'yar ƙwallo, tana da takardar tun kafin mu iya tafiya. Sofia ta same ta Talata, Laraba ta amsa. Sauran 'yan matan kuwa abu ɗaya kawai Sofia ta raɗa musu: ku tambayi kanku ko akwai wadda ta ga wasiƙar da Koc ya ce ya rubuta.

Ranar Alhamis ƙarfe ɗaya muka taru a wani aji kusa da filin wasa. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ɗaura kallabin wasana, wannan baƙin mai maɓalli, ko da yake ba wasa ranar. Rachidou ya shigo da kwalin kek biyu, sanye da sabuwar rigar sanyi shuɗiya, an rubuta COACH R. da farin zare a ƙirji. Ashe har ya ɗinka kayan hawa sama. Ya yi jawabi mai daɗi a kan buri da jajircewa, da ya zo kan sunana sai ya sassauta murya ya dafa ƙirji.

Sofia ta ce masu son a hau su ɗaga hannu. Ba wadda ta motsa, duk suka juyo suna kallona. Sai na ɗaga nawa, na miƙe shi sosai yadda nake yi in zan kama ƙwallon sama. Ɗaya bayan ɗaya suka biyo ni, wasu da hawaye. Goma sha tara cif.

Na saci kallon Rachidou. Ya haɗa gira kamar mai jimami, amma gefen bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya taso zai zo wurina, da alama lallashin zai fara.

“Akwai batu na biyu,” na ce da Faransanci, na buɗe littafin. Na karanta shafi na arba'in da bakwai a hankali, ban tsallake ko waƙafi ba.

Ya yi 'yar dariya. “Ba matsala ba ce. Ai kin karanta da bakinki, akwai dérogation. Sai a nema mini.”

“Akwai. Irin wadda ka ce za ka nema mini ce? Ka zo da wasiƙar mu gani?”

Ya shafa aljihun sabuwar rigar kamar wasiƙar za ta tsiro a ciki. Sofia ta tashi ta buɗe ƙofa, Madam Sandrine ta shigo da jakarta a kafaɗa ta gaida kowa. Aka ce masu son a nema wa Rachidou sassauci su ɗaga hannu. Hannu biyu suka tashi, ɗaya ma da ta waiga ta ga su biyu ne kacal sai ta mayar da shi ta gyara gashinta. Ni na rubuta sakamakon a littafin taro, da kyakkyawan rubutuna.

A baranda ya tare ni, ya koma Hausa don kada a ji.

“Raliatou, mi na yi miki? A gaban yara za ki tozarta ni?”

“Doka ce, Koc. Ba ni na hana ka ba, ba Sofia ta hana ka ba.” Na dube shi cikin ido. “In ka yi kukanka na kwana biyu, ya wuce.”

Na ga lokacin da maganar ta isa inda na aika ta. Fuskarsa ta canza, ya sha jinin jikinsa, amma bai tabbatar ba, domin bai san ta inda zan ji ba. Ya tsaya riƙe da kwalin kek ɗin da ba wadda ta taɓa. Na wuce na bar shi a nan.

Kuna jira in ce na ji daɗi, ko? Na ji. Daga barandar har bakin fili ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Amma da na isa, sai na tarar Madam Sandrine ta riga ta fitar da 'yan matan atisaye, ta sa wata 'yar shekarar farko a raga, yarinyar da ko tsayuwa ba ta iya ba. Na buɗe jakata na ciro safar hannuna, waɗanda suka ɗauki siffar yatsuna saboda daɗewa, na miƙa mata. Na nuna mata yadda ake ɗaure su a wuyan hannu, na ce ta daina tsayawa a kan layi, ta riƙa fitowa taku biyu. Sannan na zagaya bayan shingen waya na fili na tsaya inda 'yan kallo suke tsayawa. Shekara uku ina filin nan, ban taɓa ganin ragata daga baya ba sai ranar. A nan kukan ya zo, kuma ba mai lallashi.

Ina cikin tram hanyar ɗaki wayata ta yi ƙara. Maman ce. Ashe Tanti Rékia tsoro ya hana ta faɗa mata komai, shi ma Rachidou bai kai mata rabin labarin na biyu, na faɗuwarsa, ba.

“Rali, ashe kun hau. Barka, barka. To sai haƙuri, Allah ya sa haka shi ne alheri.” Murna har tana shaƙe mata murya. “Ga wani albishir kuma. Kawunnan Rachidou sun aiko ma Babanku, Lahadin nan bayan azahar za su zo da goro a tsaida magana. Ki taho tun Asabar, kin jiya?”

Babanmu bai san komai a kan saƙon nan ba. Kuma shi ne mutumin da ya saya mini safar hannuna ta farko ina 'yar shekara tara, ya ɓoye ta a ƙasan buhun shinkafa don kada Maman ta gani.

“Rali, kina jina? Ko in ce su ɗaga?”

“A'a Maman, su zo,” na ce. “Ki ce ma Baba shi bar mini ɗan lokaci kahin a buɗe goron, ina da abin da za ni kunna ma baƙi.”

“Wane abu kuma?”

“Gaisuwa ce, Maman. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu.”

Na kashe wayar, na laluba jakata na tabbatar ƙaramar lasifikar da muke kunna waƙa da ita a ɗakin canza kaya tana ciki. Da na isa ɗaki, ita na fara sa wa caji.